IDO BA MUDU BA: ABIN DA FILIN JIRGIN SAMA NA KANO KE FAƊA GAME DA ARZIKINMU

Duk wanda ya taɓa tasowa daga ƙasar Katagum, ko daga Yana ne ko Disina ko cikin garin Azare, da niyyar hawa jirgin sama ko rakiyar ɗan'uwa, ya san cewa tafiyar takan fara ne tun kafin kiran assalatu. Mutumin Azare yakan bi ta Jama'are da Kiyawa da Shuwarin da Wudil, tafiyar kimanin kilomita 200, kafin ya isa Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. Saboda gudun kada jirgi ya bar shi, yakan isa da sauran lokaci, kuma da yake jinkirin tashi ya zama ruwan dare, sau da yawa yakan share sa'o'i a zaune yana duban agogo. Marubucin wannan sharhi ya sha irin wannan zama, kuma a cikinsa ne ya fahimci cewa wanda ya ɗauke ido daga agogo ya mai da shi kan farfajiyar da jirage ke tsayawa zai karanci halin da sufurin jiragen sama ke ciki a ƙasar nan fiye da yadda jawabin wani jami'i zai gaya masa. Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba, amma ya san ƙima.

Sanin kowa ne cewa filin jirgin sama na Kano shi ne mafi daɗewa a Nijeriya. A watan Nuwamba na 1925 ne jirage uku na mayaƙan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar, suka sauka a Kano, sa'an nan a 1936 aka fara jigilar fasinjoji da wasiƙu. Shekaru da dama Kano ta kasance zangon shan mai ga jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da kudancin Afirka, har zuwa lokacin da aka ƙera jirage masu dogon zango waɗanda ba su da bukatar yada zango a hanya. Kamfanin KLM na ƙasar Holan ya riƙa sauka a Kano tun daga 1947, bai daina ba sai a 2012. Wannan tarihi kaɗai ya isa ya nuna cewa sauka da tashin jirage a fili irin wannan lissafin riba da faɗuwa ne, kuma duk abin da ido ya gani a wurin akwai dalilin kuɗi a bayansa.

Abu na farko da ya kamata mai lura ya duba shi ne 'yan haruffan da ake rubutawa a jikin jirgi can kusa da jela. Sunan kamfani da fentin da aka yi wa jirgi ado ne wanda ake iya sauyawa cikin 'yan kwanaki, amma waɗannan haruffa su ne lambar rajista, kuma su ke nuna ƙasar da jirgin yake ƙarƙashin dokarta. Jirgin da aka yi wa rajista a Nijeriya lambarsa takan fara da 5N, na Nijar da 5U, na Saudiyya da HZ, na Masar da SU, na Habasha da ET, na Sudan kuwa da ST. Idan fasinja ya sayi tikiti daga kamfanin cikin gida, amma ya tarar da jirgi fari fat, babu suna a jikinsa, ga lambar wata ƙasa ta Turai, ga kuma matuƙa baƙi, to alama ce ta cewa an ɗauko jirgin haya ne tare da matuƙansa da makanikansa da inshorarsa. Irin wannan haya da Dala ake biyanta, bisa yawan sa'o'in da jirgin ya yi yana tafiya, alhali shi kamfanin da Naira yake sayar da tikiti.

Waɗanda suka san sirrin waɗannan haruffa sun taɓa yi wa ƙasa aiki. A ranar 26 ga Mayu, 2023, an yi bikin nuna jirgin sabon kamfanin jiragen sama na ƙasa, Nigeria Air, a Abuja, an yi masa fenti da launin tutar ƙasa. Kafin rana ta faɗi masu lura sun riga sun gano cewa lambar da ke jikinsa da ET ta fara, wato dai jirgin kamfanin Habasha ne. Daga bisani an tabbatar a gaban majalisa cewa shatarsa aka yi domin bikin, kuma kafin ƙarshen wannan shekara aka dakatar da shirin baki ɗaya. Abin da haruffa biyu suka tona a yini guda ya fi abin da takardun sanarwa suka bayyana a shekaru.

Ba a ce haya laifi ba ce, domin manyan kamfanoni na duniya ma da jiragen haya suke aiki. Inda gizo ke saƙar shi ne irin hayar. Kamfanin da masu jirage suka amince da shi yakan sami jirgi zalla na tsawon shekaru, ya yi masa rajista a ƙasarsa, ya ɗauki 'yan ƙasa su tuƙa shi, su gyara shi. Wanda ba a amince da shi ba kuwa sai dai ya ɗauki haya mai tsada ta 'yan watanni, inda albashin matuƙa da kuɗin gyara duk suke komawa waje. Masu ba da hayar jirage sun daɗe suna ɗari-ɗari da Nijeriya saboda wahalar da sukan sha wajen karɓo kayansu idan aka kasa biya, kuma saboda haka ne a watan Satumba na 2024 aka sanya hannu kan sababbin ƙa'idojin shari'a domin aiwatar da Yarjejeniyar Cape Town. Hanyar da talaka zai bi ya gane ko wannan mataki ya haifar da ɗa mai ido ita ce ya ƙirga, a duk zuwan da ya yi, jirage nawa ne ke ɗauke da 5N a cikin waɗanda ke jigilar cikin gida. Matasan da ke fitowa daga Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, samun aikinsu ya dogara ne ga wannan ƙidaya.

Abu na biyu shi ne abin da ke faruwa a ƙarƙashin jirgi cikin ɗan lokacin da yake tsaye. Da zarar ya tsaya sai a sa wa tayoyinsa waigi, a jingina matakala, motocin kaya su matso, tankar mai ta zo. Kafin a zuba mai za a ga ma'aikaci ya tsiyayi kaɗan a kwalba ya ɗaga yana dubawa, domin ya tabbatar babu ruwa ko datti a ciki. Can kuma za a ga ɗaya daga cikin matuƙa ya sauko yana zagaya jirgin a ƙafa, yana leƙa injina, yana duba tayoyi da birki da fikafikai. Jirgin sama ba ya kawo ko kwabo yana tsaye, shi ya sa kamfani ke son a gama wannan hidima cikin abin da bai kai sa'a guda ba. A wannan ɗan taƙin ne bukatar riba da bukatar tsaron lafiya suke karo da juna, kuma wanda ya yi rinjaye a cikinsu shi ke yanke hukuncin yadda tafiyar za ta ƙare.

Mutanen Arewa ba su da bukatar a kawo musu misali daga nesa. A ranar 11 ga Yuli, 1991, jirgi samfurin DC-8, mallakar kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, wanda ke jigilar alhazai da sunan kamfanin Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Binciken da aka yi ya nuna cewa biyu daga cikin tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, kuma makanikai sun san da haka. An nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayoyin jirgi da ita, ba a samu a kusa ba, kuma jami'in da ke kula da jigilar bai yarda a ƙara jinkiri ba. Tayoyin suka fashe yayin da jirgin ke gudu a kan titi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun cikin jirgi da wutarsu. Jirgin ya faɗi yana ƙoƙarin komawa, kuma dukan mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Kamfanin da ya ƙi asarar 'yan sa'o'i shi ma bai kai labari ba, domin a 1993 ya durƙushe. Sauri ya haifi nawa.

Ya kamata a lura cewa iskar tayar babban jirgi ta ninka ta motar hawa kusan sau shida, kuma da yake tayoyin biyu-biyu suke a jere, mai ƙarancin iska takan fake da 'yar'uwarta har ido ya kasa ganewa sai an sa ma'auni. Ke nan akwai inda idon fasinja ba ya kaiwa, sai amanar ma'aikaci da sa idon hukuma. A watan Yuli na 2023 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, ta dakatar da jiragen Boeing 737 na wani kamfanin cikin gida na ɗan lokaci, kuma daga cikin dalilan akwai ruwa mai yawa da aka tarar a tankin man ɗaya daga cikinsu a Yola. Wannan 'yar kwalba da ake ɗagawa, wadda mai kallo zai ɗauka al'ada ce kawai, ita ce shingen ƙarshe tsakanin gurɓataccen mai da injin jirgi.

Duk da haka akwai lokutan da idon fasinja ya ga abin da matuƙi bai gani ba. A watan Afrilu na 1988 wata fasinja a tsibirin Hawai na Amurka ta lura da tsaga a jikin jirgi lokacin da take shiga, amma ta yi shiru, sai ga shi rufin jirgin ya yaye a sararin sama. A watan Janairu na 1989 kuma, kusa da garin Kegworth na Ingila, fasinjoji sun ga wuta na fita daga injin hagu, matuƙa kuwa suka kashe na dama bisa kuskure, kuma babu wanda ya isar musu da abin da aka gani, har mutum 47 suka halaka. A al'adarmu ta kunya da kawaici, musamman ga dattijon da bai taɓa shiga jirgi ba sai ranar tafiyarsa aikin Hajji, yin magana a irin wannan wuri abu ne mai nauyi. Ya kamata a riƙa faɗa wa maniyyata a wuraren bita cewa wanda ya ga mai yana zuba daga fiffike, ko hayaƙi, ko wani murfi a buɗe, ya gaya wa ma'aikacin jirgi cikin natsuwa. A kuma faɗa musu abubuwan da ba na tsoro ba ne, kamar farin tururin da kan fito daga na'urar sanyaya ɗaki a lokacin damina, da lanƙwasar fiffike a cikin iska, da kuma fasa sauka da matuƙi kan yi ya sake zagayowa idan bai gamsu da yadda ya tunkari titi ba.

Abu na uku shi ne inda jirgi ke fuskanta idan zai tashi. Babban titin sauka da tashi na Kano, mai tsawon kimanin mita 3,300, yana da lamba 06 a baki ɗaya da 24 a ɗaya bakin, wato ya miƙe ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Jirgi yakan tashi ya kuma sauka yana fuskantar iska, saboda haka a lokacin hunturu, da iska ke busowa daga Hamada, galibi za a ga jirage sun nufi arewa maso gabas, da damina kuwa su juya. Zafi ma yana da tasa rawar. Idan rana ta take a watan Afrilu ko Mayu iska takan yi shara-shara, ƙarfin inji ya ragu, jirgi ya bukaci doguwar tazara kafin ya ɗaga. Wannan ne ya sa wani lokaci akan rage kaya ko fasinjoji, ko a ɗage tashin babban jirgi zuwa dare, abin da kan fusata wanda bai san dalili ba. A ranar 4 ga Mayu, 2002, da tsakar rana, jirgin kamfanin EAS samfurin BAC 1-11 ya zarce ƙarshen titi kafin ya ɗaga, injinansa suka shaƙi ƙura, ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, har da Ministan Wasanni na wancan lokaci, Ishaya Mark Aku. Bayan wannan ne Gwamnatin Tarayya ta hana amfani da wannan samfurin jirgi wajen ɗaukar fasinja, ta kuma hana shigo da jiragen da suka haura shekara 22.

Hazo kuwa shi ne babban abokin gabar ɗan kasuwa daga Disamba zuwa Fabrairu. Idan buji ya turnuƙe har matuƙi ba ya hangen titi daga tazarar da doka ta ƙayyade, dole a jinkirta tashi, ko a soke, ko a karkatar da jirgin da ke tafe zuwa wani gari. Mutumin birni yakan koma gida ya jira, amma wanda ya taso daga Shira sai ya biya kuɗin masauki da abinci, ko ya kwana a kan kujera, ga alkawarin ciniki da ya saɓa a Ikko ko Abuja. Hazo daga Allah ne, amma ingancin na'urorin da ke yi wa jirgi jagora wajen sauka, da fitilun titi, da wutar lantarkin da ba ta yankewa, da horar da matuƙa kan amfani da su, duk aikin mutum ne. Filayen jiragen sama na Turai da ke fama da hazon sanyi suna karɓar jirage a yanayin da ya fi namu duhu. A 2013 an karɓo rancen Dala miliyan 500 daga ƙasar Sin domin gina sababbin zaurukan fasinjoji a Abuja da Ikko da Fatakwal da Kano. Gine-ginen sun ƙayatar, amma a ra'ayinmu da an ba na'urorin sauka da kula da su irin wannan muhimmanci da amfanin da matafiyi zai samu ya fi haka, domin zaure mai sheƙi ba ya saukar da jirgi.

Abu na huɗu, wanda ya fi shafar wannan shafi kai tsaye, shi ne kaya. Duk wanda ya tsaya ya kalli jirgin da ya iso daga ƙasashen Larabawa ko ta Adis Ababa zai ga amalanke bayan amalanke ana fitar da ƙunshin yadi da atamfa da turare da takalma da wayoyin hannu, waɗanda za su ƙare a Kantin Kwari da Sabon Gari, daga can kuma su gangara kasuwannin Azare da Jama'are da Misau. Idan ya jira ya ga abin da ake lodawa kafin jirgin ya koma, zai tarar bai taka kara ya karya ba. Ba sai an buɗe littafin Babban Banki ba kafin a gane ma'anar wannan, wato muna sayen abin da wasu suka ƙera da kuɗin musaya, muna sallamar jirginsu da ciki fayau. Kuma da yake kamfani sai ya fanshe kuɗin zuwa da komawa, kuɗin wannan wuri da ya koma babu kaya yana cikin farashin dakon da ɗan kasuwarmu ke biya.

Haka lamarin yake a jigilar alhazai. Jirgin da ya kai maniyyata ƙasa mai tsarki yakan dawo babu fasinja, in ban da ruwan Zamzam da akan ɗoro masa, sa'an nan a lokacin kwaso su ya tafi babu kowa. Alhaji yana biyan kuɗin tafiya huɗu ne alhali biyu ya hau. Ga kuma abin da ya fi ƙarfin kowa, kamar yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, wanda ya sa aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazai suka koma yin zagaye, aka ƙara Dala 250 a kan kuɗin kowace kujera. Bayan an saki Naira a kasuwa a watan Yuni na 2023, Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024, kuɗin kujerar Hajji kuma ya tashi daga kusan Naira miliyan 3 a 2023 zuwa fiye da miliyan 8 a 2025. Manomin da a da yake sayar da bijimai biyu ko uku ya biya wa mahaifiyarsa kujera, yanzu sai ya haɗa da gona.

Ita ma tankar mai tana da nata labarin. A 2022 farashin litar man jirgi ya tashi daga kimanin Naira 190 zuwa 700, har ƙungiyar kamfanonin jiragen sama na cikin gida ta yi barazanar dakatar da aiki a watan Mayu na shekarar. Matatar Dangote ta fara fitar da man jirgi a 2024, amma har yanzu a tankokin mota ake kawo shi Arewa, tafiyar kimanin kilomita 1,000 daga Ikko. Idan aka ga jirgin cikin gida ya sauka ya tashi ba tare da tanka ta kusance shi ba, to ya ɗauko man komawarsa ne daga inda ya fi araha, kuma nauyin wannan mai ya ci wurin da kaya za su shiga.

Abu na biyar shi ne jiragen da aka jingine can gefe, ƙura ta rufe su, an cire wa wasu injina. Kowane ɗaya daga cikinsu kabarin jarin wani ne. Kamfanin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya taɓa mallakar jirage kimanin talatin, amma ya daina aiki a 2003. Okada da Albarka da Bellview da Sosoliso da ADC da Chanchangi da IRS duk sun yi tashe sun shuɗe. Ciwon da ya kashe galibinsu iri ɗaya ne. Kowane jirgi yana da wa'adin da za a kai shi babban gyara, inda ake kwance shi a duba komai, kuma mafi yawan irin wannan gyara a ƙasashen waje ake yin sa da kuɗin waje. Kamfanin da bai tanadi wannan kuɗi ba tun yana samu, ranar da wa'adi ya cika sai ya ajiye jirgin, ya riƙa cire kayansa yana gyara sauran, har su ƙare ɗaya bayan ɗaya. Attajiranmu da ke sha'awar shiga wannan sana'a saboda suna ya kamata su fara zagaya wannan maƙabarta kafin su je banki.

Wannan ya kawo mu ga batun da ya shafi ƙasar Katagum. A 2014 aka buɗe sabon filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Balewa a Bauci, a shekarar kuma aka buɗe na Dutse, wanda ya fi kusa da Azare. Duka biyun sun sauƙaƙa wa alhazai, kuma wannan abin yabawa ne. Amma a sauran watannin shekara zirga-zirgarsu ba ta kama ƙafar ta Kano ba, alhali kuɗin albashi da wuta da motocin kashe gobara ba ya tsayawa. Akan ji masu kishin yanki suna fatan a mayar da ƙaramin filin saukar jirage na Azare babban fili. Muna girmama wannan buri, kuma gyara shi domin ƙananan jirage da ɗaukar marasa lafiya cikin gaggawa abu ne mai ma'ana. Sai dai jirgin kasuwa kaya da fasinja yake bi, kuma yankin da ke da manyan filaye uku a kewayensa abin da ya rasa shi ne abin da zai loda.

Abin lodawar kuwa Allah Ya hore mana shi. Fadamun kogin Jama'are suna ba da tumatir da tattasai da albasa da kankana, ga awaki da tumaki da shanu a kasuwanninmu, ga fatu da ƙiraga waɗanda masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa ke sarrafawa ana kai su Italiya da Sifen. Riɗi da zoɓo da gyaɗa kayan jirgin ruwa ne, amma nama da ɗanyen kayan lambu da kayan fata da aka ƙera su ne ke iya biyan kuɗin jirgin sama. Ƙasar Habasha tana aika naman awaki mai sanyi zuwa Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta jirgin sama, Kenya kuma tana aika furanni da kayan lambu zuwa Turai kowane dare. Abin da suka fi mu shi ne mayanka mai tsabta wadda masu saye suka amince da ita, da ɗakunan sanyi, da motoci masu firiji, da takardar shaidar lafiyar kaya da ba a shakkarta. Hanin da Tarayyar Turai ta yi wa waken Nijeriya a 2015, saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, ya isa ya zama gargaɗi cewa kasuwar duniya ba ta sayen kaya don tausayi.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Bauci da ƙananan hukumomin Shira da Katagum da Jama'are da Giyaɗe da su haɗa kai da 'yan kasuwa wajen kafa cibiyar tattara kaya mai ɗakin sanyi da mayanka ta zamani a Azare, su kuma nemi hukumomin tantance ingancin kaya su buɗe ofis a wurin. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na shimfiɗa titin jirgi guda ba. Muna kira ga Hukumar Kula da Filayen Jiragen Sama ta Ƙasa, FAAN, da hukumar kwastan da su rage yawan tebura da kuɗaɗen da mai fitar da kaya ke cin karo da su a Kano, domin nama da tumatir ba sa jiran sa hannun jami'i goma. Hukumar Alhazai ta Ƙasa kuma ya kamata ta riƙa bayyana wa jama'a, kafin fara jigila, lambar kowane jirgi da shekarunsa da ƙasar da ke da alhakin duba lafiyarsa, ta kuma tabbatar an tanadi kayan gyara a kowane sansani.

Daga ƙarshe, akwai abin da ya rataya a wuyan matafiya kansu. Dokokin NCAA sun ba fasinja haƙƙin a sanar da shi dalilin jinkiri, a ba shi abin taɓawa, a mayar masa da kuɗinsa ko a ba shi masauki idan jinkirin ya yi tsawo, kuma ya kamata ya nemi wannan haƙƙi ba tare da jin nauyi ba. Amma idan aka ce an tsaya ne domin canza taya, ko domin hazo ya lafa, to hayaniya da zagin ma'aikata ƙara matsin lamba ne a kan mutumin da ya kamata a bar shi ya yi aikinsa cikin natsuwa. Iyalan alhazan Sakkwato na 1991 da sun so a ce jirgin nan ya kwana a Jidda. Mai tafiya ya riƙa lura, ya yi tambaya cikin ladabi, ya kiyaye dokar hana ɗaukar hoto a wuraren da aka hana, musamman da yake mayaƙan sama ma suna amfani da filin na Kano. Idan kuma ya dawo gida, ya ba 'yan kasuwar garinsu labarin yawan kayan da ya ga an sauke da ƙarancin waɗanda aka loda, domin a cikinsu ne za a sami wanda zai fara cike wannan wuri.